Kafin Ka Taɓa Kuɗin Rajista Don Sayen Kyamara

Makon da aka dawo hutu wani ƙanena ɗan ND I, mutumin Zurmi, ya same ni a ɗaki da wayarsa a hannu. Ya buɗo min hotunan kyamarori biyu ya ce, "Yaya, don Allah duba min nan, wacce za ni saye?" Ɗaya Nikon D3300 ce ta hannu, ɗayar Canon R50 sabuwa fil a kwali. Kuɗin da ke hannunsa na tumaki biyu ne da ɗan abin da ya tara a aikin gona da damina. Sun isa su sayi ta farko har a yi canji, amma ko rabin ta biyu ba su kai ba. Dabararsa ita ce ya haɗa da kuɗin rajistar bana, ya ranto ragowar wurin kawunsa, wai kafin a rufe rajista ya mayar da su da hoton biki.

Na ce masa a'a. Ya ce ai ni tsohon yayi ne, kuma duk mutanen YouTube sun ce DSLR ta mutu. Da yake na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani a makarantar nan ba, na ga gara in kawo maganar nan kowa ya ji. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto da Canon 600D, kyamarar da ta fito tun 2011. Da ita nake hoton matirik da na ranar rubuce riguna da bukukuwan cikin Ƙaura, kuma da ita nake biyan kuɗin handawut.

Bambancin ba wani abin tsoro ba ne. DSLR tana da ɗan madubi a ciki da ke karkato haske zuwa idonka. In ka danna, madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton. Wannan ƙarar "kas" da kuke ji, yawancinta tasa ce. Marar madubi an cire mata shi, sensa ce ke kallo kullum tana nuna maka hoton a ƙaramin allo. Shi ya sa ta fi ƙanƙanta, ta fi sauƙin ɗauka, kuma kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, mutanen YouTube suna da gaskiyarsu. Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga marasa madubi, can sababbin gilasansu ke fitowa. R50 tana gano idon mutum ta bi shi ko yana tafiya, abin da tawa ba ta taɓa mafarki ba. Tana ɗaukar bidiyon 4K. In kyauta za a ba ni, wallahi hannu biyu zan sa. Amma mai bidiyon nan da ke ce maka DSLR ta mutu, a dala ake biyansa, wuta ba ta ɗauke masa, kuma ba ya hawa motar haya da jakar kyamara a cinya.

Sai mu yi lissafi irin namu. Da R50 ta fito a 2023, kusan dala 680 ake sayar da gangar jikinta kaɗai a Amurka, ba gilashi. A shekarar ne aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka buga da kanka, miliyan ta wuce, kafin a zo maganar ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, kuɗin aljihun NELFUND kuma 20,000 a wata. Hoto nawa za ka ɗauka a ranar matirik kafin miliyan ta dawo? Ɗalibin da zai tsaya maka ciniki a kan ɗari biyu, ya kuma ce ka haɗa masa da hoton abokinsa kyauta?

Abin da ya fi ba ƙanen nawa mamaki shi ne da na nuna masa cewa D3300 ɗin 2014 da R50 ɗin 2023 duk megafiksel 24 ne, kuma sensarsu kusan girma ɗaya. Tawa ma 18 ce, amma ban taɓa samun wanda ya dawo min da firem ya ce bai fita ba. Yawancin aikinmu a WhatsApp yake ƙarewa, shi kuwa WhatsApp matse hoto yake yi, ya mai da na miliyan da na dubu ɗari kusan 'yan uwa ɗaya.

Abin da ke sa a ce hoto ya yi kyau, a gwajina, gilashi ne da haske. Ɗan gilashin 18-55 da ke zuwa da kyamara, in ka jawo shi ƙarshe, buɗewarsa f/5.6 ce. Gilashin 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma a kan haka. Shi ke narkar da bayan mutum ya bar fuska tar, irin hoton da 'yan mata ke cewa "Malam, irin wancan nake so." Shi ke ceton ka a zauren ɗaurin aure ko tsakar gida bayan magariba, inda ƙwan fitila ɗaya ne ke aiki. Wanda ya zuba duk kuɗinsa a gangar sabuwar kyamara ya tsaya da gilashin kwali, wanda ke riƙe da tsohuwa da 50mm da filashi ɗaya zai ba shi ruwa a wurin biki. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Kuma kuɗin gilashi ba ya nutsewa: gilasan EF na Canon suna hawa sababbin R da ɗan mahaɗi, na Nikon masu AF-S ma haka suke hawa Z. Ranar da Allah Ya hore maka, ganga kawai za ka canja.

Sai batun batir, wanda ɗan Ƙaura ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. DSLR ba ta cin wuta sosai muddin ta ido kake leƙawa. A ma'aunin kamfani D3300 tana yin hoto kusan 700 a caji ɗaya, D3500 kuwa har 1,550, alhali R50 ba ta kai 500 ba. Don adalci, tawa 600D ma 440 ce a takarda, saboda haka ba kowace tsohuwa ce gwana ba, kuma sababbin suna caji ta USB-C da fawa bank mai ƙarfi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai zama hostal. Duk da haka batirin tsofaffin nan ya cika kasuwa da araha, biyu a aljihu sun kai ka tun ɗaurin aure har kai amarya.

Ƙura ma abin dubawa ce. Da hunturu, in ka cire gilashin ƙaramar marar madubi, sensa ce tsirara ke kallon iskar Zamfara. A DSLR akwai madubi da labule a gabanta. Ba wai ƙura ba ta shiga ba ne sam, tana shiga, amma je ka canja gilashi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis cikin Janairu ka dawo ka ba ni labari. In kuma abu ya lalace, mai gyaran da za ka samu a Kano ko Kaduna ya daɗe da sabawa da cikin tsofaffin Canon da Nikon, yana da gawarwakinsu da zai ciro kaya.

Akwai kuma abin da ba na son faɗa amma dole. Duk wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ko zuwa Shinkafi ya san yadda ake hawa mota da addu'a a baki. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Amma mai aikin biki a garuruwan nan dole ya tambayi kansa: in aka rasa jakar nan yau, zan iya tashi gobe? Wanda ya sayi tasa da kuɗin tumaki ya yi asara, ya yi kuka, ya koma aji. Wanda ya saya da kuɗin rajista da bashin kawu ya rasa kyamara, ya rasa shekara, ga kunyar gida.

To kar wani ya ji wannan ya ruga ya kwaso duk abin da aka ce masa "London yus" ne. Ni an taɓa yi min. Kyamarata ta farko na saye ta a hannun wani ta waya, ban gwada ba, jikinta kamar amarya. Wata biyu labulenta ya tsaya cak ana tsakiyar walima. Ashe an riga an tatse ta. Labulen ƙananan DSLR an yi shi ne ya kai wajen dannawa 100,000, don haka ka sa a duba maka adadin da aka danna kafin ka miƙa kuɗi. Ka ɗauki hoton farin bango ka buɗe a kwamfuta ka nemi ɗigo-ɗigo. Ka haska gilashin da fitilar waya ka ga ko fumfuna ta yi masa yanar gizo a ciki. In Nikon D3000 da 'yan uwanta za ka saya, ka sani ba su da injin juya gilashi a jikinsu. 50mm mai harafin D a ƙarshe ba zai saita kansa ba, sai mai G.

Tarkon da ya fi kama mutanenmu kuwa a ɓangaren marasa madubin yake: Canon M50. Kyakkyawa ce, tana bidiyo, ana ta tallarta da sauƙi. Sai dai Canon ta bar wannan layin, kuma gilasanta na EF-M ba sa hawa R. Wato ba kowace marar madubi ce "ta gaba" ba.

Mutum ɗaya nake cire wa hula: wanda abincinsa bidiyo ne. In kai barkwanci kake haɗawa na TikTok, ko tallar 'yan kasuwa, ko bidiyon biki, tsohuwar DSLR za ta wahalar da kai. Tawa in ana bidiyo, neman fuska take kamar makaho ya yar da sanda, dole sai da hannu. D3500 da Canon 1300D ko ramin makirufo ba su da shi. Irin wannan ya tara kuɗinsa ya sayi marar madubi, ko Sony ta hannu irin ZV-E10, kafin nan kuma ya ci gaba da wayarsa, don wayar kirki ta fi tsohuwar DSLR sauƙin bidiyo.

Na tambayi ƙanen nawa wanne yake son yi. Ya ce hoto, amma yana sha'awar bidiyo "nan gaba". Na ce nan gaba ta zo da kuɗinta. Na ara masa tawa da 50mm ranar Juma'a, ya bi abokansa bayan masallaci ya ɗauko hoto tamanin da wani abu. Kusan rabi sun yi duhu, wasu ya yanke wa mutane ƙafa, guda shida kuwa sun yi kyau har wani ya biya shi. Ya biya rajistarsa ranar Litinin, na ga rasit. D3300 ɗin kuma har yanzu suna ciniki, mai ita ya ƙi yarda a duba adadin dannawa, ni kuma na ce kar ya ba da ko sisi sai an duba.