Ƙofar da ba korona ce ta rufe ta ba

A ranar 20 ga watan Maris na 2020 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe dukkan makarantun Nijar saboda annobar korona, ba a sake buɗe su ba sai ranar 1 ga watan Yuni. Makonni goma ke nan da ma'aikaci da ɗan kasuwa suka ɗanɗana abin da ake nufi da yaro ya wuni a gida babu malami. An yi ƙorafi, kuma da hujja. Amma a Karofane, cikin gundumar Buza, da ƙauyukan Keita da Madawa, akwai gidajen da wannan rufewar ba ta canza musu kome ba, domin tun farko lakwal ba ta taɓa karɓar ɗansu ba.

Su ne iyayen yaran da ke da galahanga, lalurar da likitoci ke kira otizim: yaron da ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido da mutane, yana maimaita motsi guda, hayaniya tana firgita shi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. A karkara sunanta dabam ne. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu, a sayar da akuya a kai wa boka, a dawo gida jiya iyau.

Wanda ya zama malamin irin wannan yaro, a lokacin annoba da kafinta, ita ce uwarsa. A ƙasar Adar maza da yawa suna cin rani ne a watannin Maris da Afrilu, kuma a 2020 iyakoki a rufe suke. Uwa ce ta lura cewa ɗanta yana natsuwa idan yau ta yi kama da jiya: koko a lokacinsa, wanka a lokacinsa, tabarma a wurinta. Ita ce ta koya masa ƙirga da tsakuwa, ta koya masa ya nuna randa idan yana jin ƙishirwa. Abin da masana ke koyarwa a Faransa da sunan tsara wuni da magana ta hoto, ita ta gano rabinsa tsakanin turmi da rijiya. Ba wanda ya biya ta, ba wanda ya tambaye ta.

Ba dokoki ne suka yi ƙaranci ba. An kafa doka a 1993 kan kare naƙasassu, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, an kuma ƙara wata doka a watan Disamba na 2019, wata uku kacal kafin a rufe makarantu. Takarda dai ba ta zama a aji. Malamin da ke fama da ɗalibai cike da rumfar zana, ba a horar da shi ba, ba za a zarge shi ba idan ya ce wa uwa ta koma da ɗanta.

Saboda haka nauyin yana kan hukumomin ilimi da na lafiya na jahar Tawa. Makarantar horar da malamai ta Tawa ta sa sanin wannan lalura cikin darussanta. Ma'aikatan gidajen likita na karkara, waɗanda ke ganin yara ranar awo da rigakafi, a koya musu alamunta, domin su faɗa wa uwa gaskiya kafin a sayar da akuyar. Kuma idan sufeton makarantu na Buza ya fita rangadi, bayan ya ƙirga waɗanda ke cikin aji, ya tambayi mai gari yara nawa ne aka bari a gida, da dalilin barin su.