An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Raina Farar Giyar Polan Ya Isa Haka

Tun daga 2011 wata magana ta kama bakin masu sha'awar giya a ƙasar Polan, har ta zama kamar karatun da aka haddace. Wai farar giyar da iyayensu da kakanninsu suka saba sha, wadda suke kira jasne pełne, wato mai haske kuma mai jiki, ruwa ce kawai da kumfa a kai. A shekarar ce wani ƙaramin kamfani mai suna Pinta ya fitar da Atak Chmielu, giya mai tsananin ɗaci da aka danƙara wa furen hop na Amurka, ƙanshinta kamar an matsa wa mutum ɓawon lemo a hanci. Daga nan ƙananan masana'antu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, kuma duk wanda yake son a san ya waye sai ya yatsina fuska in an ambaci farar lager, wato wannan jasne pełne. Har sunan raini suka laƙaba mata, koncerniak, ma'ana 'yar manyan kamfanoni.

Ban yarda da wannan hukunci ba. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi addini ya raba su da giya, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin an wulaƙanta sana'a mai wuya don kurum ba ta da hayaniya.

Duk telan da ya san aikinsa zai gaya maka farar shadda ce ke tona asiri. Ɗigon manja ɗaya, kowa ya gani. Haka farar lager take a hannun mai dafa giya. Kayan haɗinta huɗu ne: ruwa, tsiron sha'ir, furen hop da yisti. Yistin nata irin mai kwanciya a ƙasan tanki ne, yana aikinsa sannu a hankali cikin sanyin digiri 8 zuwa 12. In ya gama, sai a ajiye giyar a sanyin da ya kusan daskarar da ruwa, ta yi makonni tana kwance har ta tace kanta. Wannan kwanciya ce mutanen Polan ke kira leżakowanie, kuma sunan lager kansa daga kalmar Jamusanci ta ajiya ya fito. Wanda ya yi gaggawa, giyarsa za ta fito da warin man shanu. Wanda ya yi sakaci wajen tafasa, za ta yi warin dafaffiyar masara. In iska ta shige ta, sai ta ɗauki ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Babu inda za a ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai giyar da aka cika da hop kuwa yana da bargon rufe kurensa, domin ɗaci da ƙanshi suna danne harshe. Yaya za a yi a ce mai ɗinkin farar shadda shi ne bai iya ba?

Masu rainin suna kuma cewa ai baƙuwa ce, kwaikwayon Cek da Jamus ce. Gaskiya ne a garin Pilzen na ƙasar Cek aka fara dafa irinta a 1842, a hannun Josef Groll. To amma shekara uku kacal bayan haka, a 1845, Jan Goetz, wanda ya ƙware a masana'antar Anton Dreher kusa da Biyana, ya kafa tasa a Okocim. A 1856 yariman gidan sarautar Habsburg, Albrecht, ya kafa ta Żywiec a gindin duwatsun kudu, inda ruwa ke da laushi. A Tychy kuwa ana dafa giya tun 1629, kafin ma salon lager ya iso. An kafa na Okocim da Żywiec ne lokacin da babu Polan a taswirar duniya, maƙwabta sun raba ta tun 1795. Ƙasar ta dawo a 1918, ta ga yaƙi, ta ga mulkin gurguzu, giyar tana nan. Baƙon da ya shekara fiye da 170 a gida, ya ga haihuwa ya ga mutuwa, wa zai ce masa baƙo? Ga kuma gonakin hop na yankin Lublin, inda ake noma Lubelski mai sanyin ƙanshi kamar na busasshen ganye da fure, da Marynka mai ɗan kaifin ɗaci. Ɗanɗanon ƙasar ke nan, kuma a farar giya kaɗai ake jin sa sosai, don ita ce ba ta rufe shi.

Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma fushin masu rainin yana da tushe. Bayan faɗuwar gurguzu a 1989 manyan masana'antu sun koma hannun attajiran waje: Żywiec na ƙarƙashin Heineken, Okocim na Carlsberg, Tyskie ta Tychy kuma ta koma hannun Asahi na Japan a 2017. A harkar giya ta zamani, ko'ina a duniya, akwai dabarun rage kashe kuɗi da kowa ya sani: a dafa ta da kauri sannan a sirka da ruwa, a ƙara ruwan sukari a rage tsiro, a taƙaita kwanakin kwanciya, a rage hop har ɗacin ya kusan ɓacewa. Tsoffin salo ma sun mutu a hanya, kamar Grodziskie ta alkama mai ƙanshin hayaƙi, wadda aka daina yi a garinta a 1993. Wanda ya sha abin da aka yi wa wannan ƙwange yana da ikon ya yi ƙorafi. Amma laifin na mai ƙwangen ne. Sai aka bar jaki ana dukan taiki, aka ce salon ne gaba ɗaya ba shi da amfani.

Kuma sun manta abin da aka yi ta dominsa. Ba wanda ke tuhumar tuwo don bai yi yajin miya ba. Jasne pełne abokiyar abinci ce da hira. A zuba ta a kofin gilashi mai kauri, kumfa ya kai faɗin yatsa biyu kamar yadda suke cewa, sanyinta daidai, kada ya kai na ƙanƙara har ya kashe harshe. Farko a ji ɗan zaƙin hatsi kamar ɓawon burodi, sannan ɗaci mai tsabta ya zo ya share baki ya wuce. Shi ya sa take tafiya da pierogi, ƙullin fulawa da ake cusa wa haɗi, da kokwamba mai tsami, da oscypek, cukun tumaki mai hayaƙi na duwatsun Tatra, da gashin da iyalai ke yi a hutun farkon watan Mayu. Ƙarfinta bai cika wuce kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari ba. Tana barin mutane su saurari juna, alhali giyar da ke neman a yi ta sharhi a kanta tana cinye hirar.

Akwai kuma alhakin da ƙasar ba ta biya ta ba. An daɗe ana yi wa Polan kallon ƙasar bodka. A 1990 aka kafa jam'iyyar masoya giya ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Janusz Rewiński, da kiran a bar barasa mai ƙarfi a koma giya, kuma a zaɓen 1991 ta ci kujeru 16 a majalisa. Giyar da ɗan ƙasa ke sha a shekara ta tashi daga kusan lita 30 zuwa kusan 100 cikin shekaru talatin. Wannan adadi yana da nasa ciwon, likitocin ƙasar suna faɗa, kuma suna da gaskiya. Amma wadda ta janye ma'aikaci da manomi daga kwalbar bodka mai kashi 40 ita ce wannan farar da ake yi wa dariya.

Yanzu wasu daga cikin ƙananan masana'antun da suka fara da rainin sun dawo suna gwada dafa ta da Lubelski. Suna gano cewa tanki ɗaya zai zauna wata guda ko fiye ba a taɓa shi ba, kuɗi na kwance, kuma kuskure ɗaya ya isa a zubar da komai. Abin da ya kamata masu sha su nema wurin manya da ƙanana ɗaya ne: a rubuta a jikin kwalba irin hop ɗin da aka sa, da ko an ƙara sukari, da kwana nawa giyar ta yi a kwance.