Hutun Damina: Ku Bar Yaran Arewa Su Karanta "Ƙarya"

Da zarar an rufe lakwal a Dogon Dutsi da Tibiri, yaro yana da wajen wata uku a gida kafin komawar Oktoba. A ƙauye hutun ya faɗo daidai da noman hatsi, don haka da safe yana gona. A cikin gari mai hali yakan biya wa ɗansa darasin hutu, a sake tusa masa lissafi da nahawun Faransancin da ya yi wata tara yana haddacewa. Da dare kuwa kowa ya rufu a kan wayar yayansa. A duk wannan tsari babu inda aka ware wa littafin nishaɗi wuri. In ma yaron ya samo shi da kansa, sai wani mushe ko wani uba ya ce masa: "Ajiye wannan ƙaryar ka ɗauki kaye." Wannan magana ya kamata mu daina, domin tana cikin abubuwan da ke hana ƴaƴanmu iya karatu.

Malamai sun san halin da ake ciki. A binciken PASEC na 2014, cikin yaran Nijar goma da ke ajin ƙarshe na firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake so ba wajen karatu. A na 2019 an ɗan matsa, aka kai kimanin uku cikin goma. Ke nan sauran bakwai suna barin firamare ba sa iya fahimtar shafi guda yadda ya kamata. Irin wannan yaro ne muke tura wa ƙarin haddar ƙa'idoji a lokacin hutu, alhali abin da ya rasa shi ne sabo da karatu. Karatu kamar riƙon hauya yake, yawan yi ke sa hannu ya faɗa. Kuma babu yaron da zai yi shafi hamsin da son ransa a cikin littafin tsofaffin tambayoyin BEPC. Zai yi su ne a littafin da ya hana shi barci don yana so ya ji yadda aka ƙare.

Irin waɗannan littattafai muna da su, da harshenmu. Daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933 aka samu *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, labarin mai yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da Malam Zurƙe. Daga gasar ne kuma aka samu *Ganɗoki* na Bello Kagara, jarumin da ya gama da yaƙin Turawa ya faɗa ƙasashen aljannu. Ga *Magana Jari Ce*, inda aku ke tsare ɗan sarki a gida da daɗin labari, wanda shi ne ainihin aikin da muke nema littafi ya yi mana a hutu. Ga *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa, labarin wani gwarzon Rasha da aka mai da Bahaushe har ba a ganewa. Yaron da ya gama firamare zai iya da waɗannan duka, wanda bai iya ba kuma yayarsa ta karanta masa.

Ga ƴan kwaleji akwai ƙagaggun labaran kimiyya. A 1969, shekarar da mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da *Tauraruwa Mai Wutsiya*, labarin yaron da ya gamu da baƙo daga sararin samaniya ya bi shi yawo. Mai Faransanci ya nemi Jules Verne: ya rubuta tafiya zuwa wata tun 1865, shekara 104 kafin a je. A *Cinq semaines en ballon* na 1863 ma matafiyansa sun ratsa saman tafkin Cadi har Tumbutu. Littafin cike yake da raina baƙar fata irin na zamaninsa, kuma wannan ma darasi ne: mushe ya sa ɗalibi ya tsamo wuraren da marubucin ya yi mana ƙazafi. Ɗan lise mai Ingilishi kuwa ya san cewa Nnedi Okorafor ta rubuta *The Shadow Speaker* a 2007, ta ajiye labarinta a Nijar ta shekarar 2070. Marubuciyar da aka haifa a Amurka ta zauna ta hango yadda ƙasarmu za ta zama, mu kuma muna hana ɗan Matankari ya yi irin wannan hange. Ƙasar da ta sa wa babbar jami'arta sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya ƙare rayuwarsa kan makamashin hasken rana, bai kamata ta ji tsoron yaro mai tambayar "da a ce" ba.

Mutumin Arewa ma bai da bakin raina irin wannan labari. A watan Afrilun 1899 aka gwabza a Lugu tsakanin mutanen Sarauniya da rundunar Voulet da Chanoine. Abdoulaye Mamani ya ɗauki wannan tarihi ya haɗa da ƙagen marubuci ya fitar da *Sarraounia* a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, duniya ta san sunan Lugu. Yara nawa ne a Dankasari, ko Dutsi, ko Gecheme suka taɓa riƙe littafin? A ba su su karanta, sannan su tambayi tsofaffi abin da suka ji daga nasu kakannin, su gwada inda littafi da baki suka dace da inda suka saɓa. Babu darasin tarihin da ya fi wannan.

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, suna tsoron labarin aljannu da tsafi ya gurɓata wa yaro aƙida. Damuwar tana da tushe, kuma hakkin uba ne ya duba abin da ɗansa ke karantawa. Sai dai a tuna su wa suka rubuta waɗannan littattafai. Imam da Bello Kagara ƴan'uwa ne, ƴaƴan gidan malamai. Imam ya yi rubutu kan tarihin Annabi, Bello kuma ya zama Walin Katsina. Sun san bambancin hira da aƙida, yara ma sun sani. Kakanninmu sun yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ba wanda ya tashi yana bauta wa Gizo. Abin mamaki, uban da ya ƙwace *Ganɗoki* shi ne ke barin waya a hannun yaro har tsakar dare ba tare da ya san abin da ake kallo ba. Littafi dai ana iya buɗe shi a gani.

Sai littattafan kiɗa da waƙa, waɗanda aka fi yi wa kallon banza. Yaron da ke bin waƙa da baki ya riga ya haddace ta, don haka in ya gan ta a rubuce idonsa na gudu a kan layi ba tare da tuntuɓe ba. Ga mai fama da haɗa baƙi babu tsanin da ya fi wannan sauƙi. Akwai *Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da Da Na Yanzu* na Ɗandatti Abdulƙadir, da *Makaɗa da Mawaƙan Hausa* na Sa'idu Muhammad Gusau, da *Shata Ikon Allah*, tarihin Mamman Shata da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006. A ciki yaro zai ga tarihin sarauta da noma da fatauci, ya ga yadda ake sarrafa harshe. Inda littafi bai kai ba, yaran su rubuta nasu. A ba kowa kaye guda ya cika shi da waƙoƙin daka da na gayya da kirarin ƴan kokowar garinsu, ya rubuta wanda ya gaya masa da ranar da ya ji. Masu goge da gurumi na Arewa suna tsufa, abin da ke bakinsu yana tafiya tare da su.

Za a ce babu kuɗi, babu lokaci. Lokaci akwai shi: daga an taso gona zuwa magariba ba a rasa rabin awa. Kuɗi kuwa, ba kowane gida ne zai saya ba. Ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta ta haɗa abin da zai sayi littafi ashirin, a sa a akwatin ƙarfe saboda gara da ɗigar damina, a damƙa wa malami ɗaya ko ɗan lise mai amana, ya riƙa ba da aro mako-mako. Dutsi ta san wannan dabara, domin ƙawancenta da garin Orsay na Faransa ya kai akwatunan littattafai makarantu. Ba sai mun jira baƙo ba kafin mu maimaita ta a Kore Mairuwa ko Dumega. Fatakenmu na zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi, a Yamai kuma akwai madaba'ar Gashingo mai buga littattafai da harsunan gida. Tun watan Maris na 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Wannan matsayi zai tsaya a kan takarda muddin ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa karanta littafin Hausa guda daga farko zuwa ƙarshe ba.

Don haka malamai, kafin ku sallami aji a bana, ku rubuta sunan littafi uku a allo, ku ce a Oktoba kowa zai ba da labarin ɗaya da baki, babu maki, babu bulala. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa a kan labarin aljani ko na tauraro, ku bar shi ya kai ƙarshen babi kafin ku aike shi, in ya gama ku ce ya ba ku labarin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya shirya mana zuriya.