Ka canza tiyon birki da kanka, amma kada ka yi kai kaɗai

Ina tare da matashin da ke jingine waya a jikin taya, yana koyon gyaran tsohuwar Golf ɗinsa daga YouTube. Tiyon birki na roba ya cancanci wannan wahalar. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Jega yana tsattsaga shi, wani lokacin kuma ta ciki yake kumbura, mai ya tafi ya kasa dawowa, taya ɗaya ta riƙe.

Inda bidiyo ke yaudara shi ne bayan an ɗaure sabon tiyo. Iska ta riga ta shiga layin, kuma iska matsuwa take yi, sai ka taka birki ya nutse har ƙasa. Fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya na takawa, ɗaya na sassauta noti a bayan taya. Duba murfin tankin man birki, DOT 3 ne ko DOT 4. Man inji kuwa ko ɗigo, cinye roba yake.

Ka gwada a fili tukuna, kafin ka bi motar albasa a hanyar Aliero. Masu ɗorin garin suna da isassun baƙi.