Ra'ayinmu: A gina wa Okular inji na biyu, amma a fara sanin mai riƙonsa

Duk wanda ya buɗe takardar PDF a kwamfuta, abu biyu ne suke yi masa aiki, ko da yake ɗaya kawai yake gani. Akwai manhajar da ke gabansa, mai maɓallan juya shafi da ƙara girman rubutu. Akwai kuma injin da ke ƙarƙashinta, wanda shi ne yake karanta umarnin da ke cikin fayil, ya auna inda kowane harafi zai zauna, ya kwance hotunan da aka matse, sannan ya zana shafin a kan allo. A manhajar Okular, wadda al'ummar KDE ke ginawa kuma take rabawa kyauta, sunan wannan inji Poppler. Tambayar da ta daɗe tana dawowa tsakanin masu rubuta buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke da izinin dubawa da gyarawa, ita ce ko ya dace a ƙera wa Okular wani ƙari da za a jona mata, wanda zai riƙa zana PDF da wani injin dabam, kamar MuPDF na kamfanin Artifex ko PDFium na Google. Da ji, sai a ce magana ce ta 'yan fasaha zalla. Amma a cikinta akwai batun tsaro, akwai kuma batun wanda zai ɗauki nauyi bayan an gama tafi, kuma waɗannan sun shafi duk mai karanta takarda a na'ura.

Tun farko an gina Okular ne da ƙofar irin wannan ƙari a buɗe. Piotr Szymański ya fara ta a 2005 ƙarƙashin shirin Google na tallafa wa ɗalibai masu rubuta manhaja, ta kuma fito ga jama'a tare da KDE 4 a 2008. Kowane nau'in takarda yana da nasa ƙarin: na DjVu daban, na EPUB daban, na PostScript daban, na PDF kuma shi ne mai dogaro da Poppler. Shi Poppler ɗin reshe ne da aka tsaga daga tsohuwar manhajar Xpdf a 2005. Saboda haka ba a gardama a kan ko abin zai yiwu. Masu sa kai sun riga sun rubuta ƙarin MuPDF ga Okular a wajen babban rumbun KDE. Gardamar tana kan ko aikin ya cancanci wahalarsa, da kuma inda ya kamata ya zauna.

Masu goyon baya sukan fara da sauri. MuPDF ƙaramin inji ne da aka ƙera da nufin sauƙi, kuma ya yi suna wajen buɗe manyan fayiloli a na'urori marasa ƙarfi. Ga mai tsohuwar kwamfuta da ke son karanta littafi mai shafi ɗari takwas da aka ɗauki hotonsa, daƙiƙa biyu a kowane shafi ba ƙaramin abu ba ne. Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi. Tsarin PDF, wanda Adobe ta fitar a 1993 kuma ya zama ƙa'idar duniya ta hukumar ISO a 2008, ƙa'idojinsa sun cika ɗaruruwan shafuka, kuma fayiloli da yawa da ke yawo a hannun mutane ba su ma bi ƙa'idar daidai ba. Babu injin da yake karanta komai ba kuskure. Sai dai kuskuren wannan ba shi ne kuskuren wancan ba. Fayil ɗin da ya fito fari fat a inji ɗaya yakan fito lafiya lau a ɗayan. Manhajar Zathura ta daɗe da rungumar wannan gaskiya: tana da ƙari na Poppler, tana da na MuPDF, mai amfani ya zaɓi wanda ya yi masa.

Sai kuma tsaro, inda suke da misali mai tsoratarwa. A 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto da ke Kanada ta gano yadda kamfanin NSO na Isra'ila yake shigar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus cikin wayoyin iPhone ba tare da mai waya ya taɓa komai ba. Hanyar ita ce fayil ɗin PDF da aka yi wa kamar hoto, wanda ya yi amfani da wata ɓaraka a sashen kwance hotunan JBIG2. Binciken masanan Google ya nuna cewa wannan sashe a na'urorin Apple daga Xpdf ya samo asali, kuma a 2022 aka toshe irin wannan ɓaraka a Xpdf da Poppler. Ma'ana, lahani ɗaya ya bi zuriya gaba ɗaya. Idan aka tuna cewa a duniyar Linux manhajoji da yawa, har da Evince da Inkscape, duk a kan Poppler suke tsaye, za a fahimci dalilin da ya sa wasu ke son a sami inji daga wata zuriyar a kusa, domin ranar da aka gano ɓaraka a samu inda za a karkata kafin gyara ya iso.

Masu adawa kuwa ba ƙyashi ke damunsu ba, kuma mafi yawansu su ne waɗanda suka san nauyin riƙon manhaja. Maganarsu ta farko ita ce zana shafi ƙaramin ɓangare ne na aikin Okular. Mutane suna neman kalma a cikin takarda, suna kwafar jimla, suna ja wa layi launi, suna rubuta sharhi a gefe, suna cike fom, suna bugawa a firinta, kuma tun 2021 suna iya sa hannun dijital. Duk waɗannan an ɗinka su ne da Poppler cikin shekaru masu yawa. Ƙarin da ya iya zana shafi da sauri amma bai iya ajiye sharhi ko tantance sa hannu ba, rabin manhaja yake ba mutane alhali sunan da ke bisa allo bai canza ba. Wanda ya cike fom ya ga bai ajiyu ba, ba zai ce ƙarin wane ne ya gaza ba. Okular zai zarga, kuma ƙorafinsa zai sauka a teburin mutanen da ba su rubuta ƙarin ba.

Suna kuma juya hujjar tsaro ta koma kan masu ita. Kowane inji da aka ƙara wata ƙofa ce da mugun fayil zai iya ƙwanƙwasawa. Kuma bambancin zuriyar da ake taƙama da shi bai cika ba, domin Poppler da MuPDF duka suna aro daga wasu rumbuna iri ɗaya, kamar FreeType mai zana haruffa da OpenJPEG mai kwance wani nau'in hotuna. Idan lahanin a can yake, inji biyu ba su tsare kowa ba.

Akwai batun lasisi, wanda mutane ke raina shi har sai ya kai su kotu. MuPDF yana fita ne ƙarƙashin lasisin AGPL, mai sharuɗɗa fiye da GPL da Okular da Poppler ke amfani da shi, kuma Artifex na sayar da lasisin kasuwanci ga wanda ba ya son waɗannan sharuɗɗa. Kamfanin ba ya wasa da hakkinsa: ya kai ƙarar kamfanin Palm a 2009 a kan MuPDF, ya kai ƙarar Hancom na Koriya ta Kudu a 2016 a kan wata manhajarsa, Ghostscript. Haɗa AGPL da bugu na 3 na GPL halal ne a dokance, amma duk hukuma ko kamfanin da ke rarraba manhajar dole ya san abin da ya ɗauka. PDFium, wanda Google ta buɗe wa jama'a a 2014, lasisinsa ya fi sassauci, sai dai an gina shi ne da buƙatun Chrome a gaba, kuma harhaɗa shi a wajen gidansa aiki ne mai cin lokaci.

Tarihi ma ya ba masu adawa shaida guda. Manhajar SumatraPDF ta Windows ta taɓa riƙe injuna biyu lokaci ɗaya, MuPDF a gaba, Poppler a baya yana karɓar shafin da na farko ya kasa. A 2008 masu ita suka cire Poppler suka tsaya a kan ɗaya. Wanda ya gwada ya bari ya fi wanda bai gwada ba sanin dalili. Shi ya sa masu adawa ke cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: wanda ya ga aibi a Poppler ya je ya gyara Poppler, kowa ya amfana.

Mun auna waɗannan hujjoji, kuma a ganinmu kowane ɓangare ya yi gaskiya a wuri ɗaya, ya yi ƙari a wani.

Masu adawa sun yi ƙari inda suka ɗauka cewa ƙarfin mai sa kai kamar kuɗin baitulmali ne, da za a ɗebe daga wannan aiki a zuba a wancan. Ba haka abin yake ba. Matashin da sha'awar MuPDF ta hana shi barci, idan aka ce masa ya bari ya koma Poppler, mafi yawan lokaci ba Poppler zai koma ba, tafiya zai yi gaba ɗaya. Kuma an manta cewa shi kansa Poppler daga irin wannan tsagewa aka haife shi. Al'ummar da ta ginu a kan 'yancin gyara manhaja ba za ta wayi gari tana hana mutum amfani da ƙofar da ita ta buɗe ba.

Masu goyon baya kuma sun yi ƙari a kan sauri. Ana yawan faɗin cewa wannan inji ya fi wancan gudu, amma gudun ya danganta da irin fayil, da irin na'ura, da bugun da aka gwada. Okular kuwa manhaja ce da ta san awo: a 2022 ta zama manhajar kwamfuta ta farko da ta sami tambarin Blauer Engel na gwamnatin Jamus, wanda ake bayarwa bayan an auna wutar da manhaja ke ci da yadda take aiki a tsofaffin na'urori. Mai iƙirarin cewa ƙarinsa ya fi sauƙi, ya kawo irin wannan awo a fili, kada ya kawo labari.

Amfanin inji na biyu da muka fi gamsuwa da shi ba a cika ambatonsa ba. Idan shafi ya lalace a inji ɗaya, ba a san ko laifin fayil ne ko na inji. Idan aka buɗe shi a biyu cikin manhaja ɗaya aka ga sun saɓa, an san inda za a haƙa. A nan ne maganar ta taɓa masu karatu da Hausa kai tsaye. A cikin PDF, siffar harafi da ake zanawa daban take da bayanin da ke faɗin wane harafi ne. Shi ya sa mutum zai ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito da kyau a allo, amma ya nemi kalmar ƙasa a rasa ta, ko ya kwafi jimla ta fito da tarkace. Rubutun ajami, mai tafiya daga dama zuwa hagu da wasulla bisa da ƙasa, ya fi shan wannan wahala. Wani lokaci laifin wanda ya shirya fayil ne, wani lokaci na inji. Kwatanta injuna biyu na daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na rarrabewa, kuma rahoton da ya ce wannan inji ya yi daidai, wancan ya kuskure, ga fayil ɗin, shi ne rahoton da masu gyara suka fi saurin ɗauka.

Amma inda masu adawa suka yi gaskiya, gaskiyar tasu ita ce mafi tsada. Rubuta ƙari aikin watanni ne. Riƙe shi aikin shekaru ne. KDE tana fitar da sabon bugun manhajojinta sau uku a shekara, Poppler kusan kowane wata, MuPDF kuma yakan sauya hanyoyin da ake kiransa daga bugu zuwa bugu. Haƙa rijiya ta biyu a gida abin yabo ne, amma rijiyar da aka daina yashewa aka bar ta ba murfi, yaro take jira. Ƙarin da mai shi ya yi watsi da shi, alhali mutane na ci gaba da buɗe fayilolin da baƙi suka turo musu da shi, ya fi rashin ƙarin haɗari. Abin da ya faru da manhajar xz a 2024 ya isa gargaɗi: aiki mai muhimmanci ya rage a hannun mutum ɗaya da ya gaji, wani ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewarsa, har ya dasa ƙofar ɓoye da injiniya Andres Freund ya gano kafin ta bazu.

Saboda haka hukuncinmu shi ne a gina ƙarin, amma bisa sharaɗi. Ya zauna a wajen babban rumbun Okular, a matsayin abin da mutum zai girka da gangan, kuma Poppler ya ci gaba da zama injin da manhajar ke zuwa da shi. A rubuta a fili abin da ƙarin bai iya ba, musamman sa hannu da fom, a wurin da mai amfani zai gani kafin ya yi asara, ba a ƙasan wani dogon bayani ba. Kada a yi maganar shigar da shi cikin Okular kanta sai ya sami aƙalla mutum biyu da suka amsa sunan masu riƙo, kuma ya tsallake wasu bugu a jere bai karye ba. Idan masu riƙon suka janye, masu rarraba Linux su cire shi ba tare da jin kunya ba. Duk saɓanin da aka gano tsakanin injunan kuma a kai rahotonsa gidan da laifin yake, domin ƙarin da ya zama wurin guje wa aibin Poppler maimakon fallasa shi ya ci amanar manufarsa.

Ga hukumomi da kamfanonin da ke amfani da waɗannan manhajoji kyauta, idan za su tallafa, su biya kuɗin riƙo, ba na ƙaddamarwa kawai ba. Ga malaman jami'a, da maɗaba'u, da masu adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami, akwai gudummawar da ba ta buƙatar iya rubuta manhaja: duk fayil ɗin Hausa da haruffansa suka ƙi nemuwa ko suka fito a karkace, matuƙar ba sirri a cikinsa kuma mai shi ya yarda, a tura shi ga masu kula da Poppler da MuPDF tare da bayanin abin da ya kamata ya fito. Ba za su gyara abin da ba su taɓa gani ba.