Ƙoton Hunturu a Kogin Galma

Da zarar hunturu ya kama, kifi kan lafe a ƙasan ruwa ya rage ci, domin sanyi na kashe masa kuzari. Masu fatsa daga Birnin Zazzau sun san haka. Ƙasa ta bushe, tana ta yi wuya, sai su koma ga hanjin kaji saboda tarwaɗa, karfasa kuma a yi mata ɗan curin dusa da ƙuli-ƙuli, a jefa ƙugiya bayan azahar, lokacin da ruwa ya ɗumama.

Marasa haƙuri kuwa maganin ƙwari suke zubawa a gurbi, su kwashe manya da ƙanana. Ina sarakunan ruwa suke? Ruwan Galman nan fa ake tacewa a turo wa famfunan Zariya.