Garin Da Baƙo Ya Buɗe Wa Rijiya

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane a ƙasar Daura, tun daga Mai'aduwa har Ɓaure. Da an yi sata a kasuwa, ko hatsi ya yi tsada, ko shanu sun faɗa gona, sai a ji wani ya ce, "Ai baƙi ne, a rufe iyaka kowa ya huta." Wannan magana tana da daɗin faɗi, amma kuskure ce babba, kuma ba inda ta fi muni kamar a Daura.

Mai karatu ya tuna da labarin da aka gada kaka da kakanni. An ce Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna Barno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare. Tsohuwa Ayana ta sauke shi ba ta san asalinsa ba. Da ya nemi ruwa aka ce macijin Kusugu ba ya bari a ɗiba sai ran Juma'a. Shi wannan baƙo ya kashe macijin, Daurama ta aure shi, daga zuriyarsa aka sami sarakunan Hausa Bakwai. Malamai suna da saɓani game da gaskiyar labarin, amma abin da magabata suka so a fahimta a fili yake, watau sun yarda cewa albarkar garinsu ta shigo ne da ƙafar baƙo. Haka kuma Kano, tarihinta ya ce Wangarawa suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji suka ƙarfafa Musulunci.

Sa'an nan su kansu mutanen Daura sun ɗanɗani baƙunci. Da jihadi ya zo, Malam Ishaku ya ci birnin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka zauna Zango da Ɓaure a inuwar Damagaram kusan shekara ɗari, har Turawa suka mai da Malam Musa gadon kakanninsa. Iyakar nan kuwa da ake ta kira a rufe, Ingilishi da Faransa suka shata ta, suka kakkafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, ba da shawarar kowa ba. Ta raba wa da ƙane, ta bar gona a kudu mai ita a arewa. To, mutumin Magarya ko Matamaye da ya zo cin kasuwar Mai'aduwa, harshensa ɗaya da na mai rumfa, alƙiblarsu ɗaya, watakila ma kakansu ɗaya, ta yaya ya zama bare?

Amfanin masu shigowa ba ɓoyayye ba ne. Zamanin da Faransa ke kama mutane aikin tilas, kafin a soke shi a 1946, talakawa da yawa sun gudo kudu, suka sari daji, suka kafa ƙauyuka, suka biya haraji a baitulmalin En'e. Buzaye sun kawo gishiri da kanwa da dabino a kan raƙuma, sun koma da gero. Fulani sun kawo nono da taki. 'Yan cin rani sun yi ga-ruwa da dako da gini, ayyukan da ɗan gari yakan ga ya fi ƙarfinsu. Har yau yawancin dabbobi da waken da ke sauka kasuwannin iyaka daga arewa suke fitowa.

Amma fa ba a ce babu illa ba, wanda ya ce babu ya yi ƙarya. Ƙasar Daura jigawa ce, ruwanta kaɗan, jama'a sun yi yawa, gonaki sun cinye burtali, saboda haka garken da ya ƙetaro yakan jawo rikici da manomi. Lebura baƙo yakan karɓi abin da ɗan gari ba zai karɓa ba, lada ya faɗi. Farin 1973 da 1974 ya koro dubban mutane da ba su da kome sai ƙoƙon bara. Mafi muni, tun da mulkin Libiya ya rushe a 2011 bindigogi suka watsu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro ƙasar Hausa, ga kuma masu fasa-ƙwauri da masu safarar mutane. Duk wannan gaskiya ne.

Abin tambaya shi ne, rufe ƙofa yana maganinsa? An gwada, ba sau ɗaya ba. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma rufe ta bayan juyin mulkin Nijar daga 2023 zuwa Maris 2024. Kowane karo mai tallan fura da mai jaki ɗaya su suka sha wuya a Kongwalam, mai babbar safara kuwa ya bi daji da dare, kuɗinsa ma ya ƙaru. Iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500, babu kogi babu dutse a yawancinta, wane ƙyaure zai toshe ta? Kora ma an gani. A 1969 Gana ta ba baƙi mako biyu su fita, Hausawan zango da yawa suka dawo hannu wofi. A 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutum fiye da miliyan ɗaya suka fita, tsada ba ta sauka ba. Wanda ke da ɗa a Kumasi ko Kartum ya kamata ya yi tunani kafin ya ce a kori na wani.

Magani yana cikin tsarin da aka bari ya lalace. A dā baƙo ba ya kwana a gari sai da mai masauki, mai masauki ya kai shi ga mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya rubuta sunansa da garinsu da sana'arsa. In ya yi ɓarna an san wanda za a tambaya, in an cuce shi ya san inda zai kai kuka. Da aka rushe En'e a 1976, aka soke haraji da jangali a 1979, talaka ya huta da biya, madalla, amma littafin nan ya tafi tare da su, ba a kawo madadinsa ba. Ga shi kuwa da ɗan gari akan ci gari: ɓarawon shanu ba ya sanin garken da zai faɗa wa sai wani na gida ya nuna masa.

Saboda haka abin da ya wajaba shi ne ƙananan hukumomi su mai da wa masu unguwanni da dagatai littafin baƙi, su biya su abin da zai hana su karɓar na goro. A fid da burtali da mashaya a sa musu alama. Sarakunan iyaka na ɓangarorin biyu su riƙa zama tare kafin kaka. A hukunta mai laifi da sunansa, ba da sunan ƙasarsu ba.

Ayana ba ta rufe ƙofarta ba, Daurama kuwa ba ta ba da rabin gari ba sai da ta bincika ta tabbatar da wanda ya yi aikin. Karimci da bincike, su biyun Daura ta gada, kada ta yar da ko ɗaya. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.